Bindigar da Na Zaɓa wa Kaka

Shekaranjiya na kai ɗinki wajen wani tela a unguwar Nkololoun, nan Douala, na tarar da shi yana ɗiga wa kekensa mai. Warin man nan yana shiga hancina, sai na nemi benci na zauna. Telan ya zaci jiri ne ya ɗebe ni, yana ta ce mini "ashia, madam", wato sannu, har ya aika a sayo mini ruwa. Ba jiri ba ne. Da irin wannan man kakana yake goge bindigarsa, kuma bindigar nan ni na zaɓa masa ita da hannuna, ina 'yar shekara takwas.

Bari in gaya maka ko wane ne Kaka. Mafarauci ne shi a can Arewa tun yana saurayi, a ƙasar ciyawa, inda kake hango barewa tun daga nesa ka saita ka harba. Shanu ya rako zuwa Douala, ya ga gari, ya zauna a unguwar New Bell, ya koma sana'ar kilishi. Ya fi shekara talatin bai taka dawa ba, amma bakinsa bai taɓa barin ta ba. Idan ruwan damina ya tsare mu a zaure, yana dukan kwanon rufi, kwata ta cika ta tumbatsa har ƙofar gida, sai ya tara mu ya hau labarin farauta. Mun haddace duka, wani lokaci mu riga shi faɗa don tsokana. Magana ɗaya ce idan ya zo kanta ba a dariya. Yakan ce duk dabbar da ka ji wa ciwo ka bar ta ta gudu da shi ba ka yanka ba, za ta jira ka ranar hisabi. Ya ce shi tunda yake bai taɓa barin ko ɗaya ba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne ɗan bokon gidan. Ofishin wani kamfanin katako yake aiki, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Wani tsohon Bature da ke wurin zai koma ƙasarsu, yana da bindigogin farauta biyu, ya yarda ya bar ɗaya. Kawu ya yi zirga-zirgar takardun izini har ya gaji, sannan wata ranar Asabar da hantsi ya shigo da su a naɗe cikin buhu, don tsohonsa ya duba ya zaɓa.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ɗaya doguwa ce, baƙa, mai nauyi, harsashinta ya kai tsawon yatsan babban mutum. Ɗayar gajera ce, mara nauyi, da wani ƙarfe a ƙarƙashinta mai kama da kunnen almakashi. Ka tura shi gaba ka dawo da shi, sai ta yi ƙaras-ƙaras, ta tofar da kwanson harsashi ta haɗiyi wani. Nata harsashin ɗan guntu ne, irin na ƙaramar bindigar hannu. Kawu ya yi bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, ya ce Baturen ya ja kunnensa: gajerar ta kurmi ce, ta harbin kusa, idan nama ya wuce taku hamsin ko sittin a ƙyale shi. Doguwar kuwa tana kai nesa, sai dai tana dukan kafaɗa.

Na ga idon Kaka. Wallahi na gani. A kan doguwar yake, har yatsunsa na motsi a kan gwiwarsa. Amma a gidan ubansa akwai al'ada: sabon makamin farauta, baka ne ko mashi, babba ba ya zaɓa. Yaron gida wanda bai taɓa zubar da jini ba shi ake kira ya ɗora hannu, kuma abin da ya taɓa ba a canzawa. Sai ya waiwayo ya ce, "Amaryata, zo ki zaɓa wa mijinki."

Ka san wasan jika da kaka. Ni kuwa a lokacin bakina ya fi ni girma. Na tako ina yanga, na riƙe ƙugu, na ce, "Kai tsoho, wannan doguwar ai kayar da kai za ta yi, a ce mijina ya faɗi a daji." Na dafa gajerar. Gida ya kaure da dariya, mahaifiyata har da riƙe ciki. Kaka ma ya yi dariya, ya ce, "Ja'ira." Ya ɗauki gajerar ya juya ta a hannu, bai sake kallon ɗayar ba. Kawu ya naɗe doguwar ya mayar.

Sati uku yana goge ta da man keke kullum bayan sallar la'asar. Ni nake riƙe masa tsumma, ina alfahari, ina gaya wa 'yan makarantarmu ni na zaɓa.

Suka tafi shi da Kawu wata Lahadi da sassafe, suka bi hanyar Yaoundé. A lokacin da ka wuce PK 14 kaɗan, wato kilomita goma sha huɗu daga gari, gidaje sun ƙare, sai gonaki da kurmi. Abin da ya faru a can daga bakin Kawu na ji shi. Sun fito wani fili da aka sare itatuwa, sai ga mazo a can bakin kurmi, ja mai zanen fari, ya fi gada girma sosai. Yana da nisa. Kawu ya ce ya raɗa masa, "Baba, c'est trop loin, ya yi nisa, bari ya matso." Amma idon Kaka idon ƙasar ciyawa ne, irin wannan tazarar ita ya saba harbi tun yana saurayi. Ya yi bisimilla ya harba. Mazon ya durƙusa, ya miƙe, ya shige kurmi yana jan ƙafar baya ta hagu.

Suka bi jini har azahar. Kawu yana da ofis washegari, ya roƙe shi su koma, Kaka ya ce masa ya yi gaba. Kawu ya dawo shi kaɗai da yamma, wandonsa duk taɓo. Tun kafin ya gama bayani aka kece da ruwa, irin na Douala da ba ya jin kira. Kwana biyu ana yi. Ina zaune a zaure ina kallon yadda ruwan ke wanke tsakar gida, ko a waɗancan shekarun nawa na san yana wanke jinin da Kaka ke bi.

Ran Laraba wata motar katako ta sauke shi a bakin titi. Hannunsa babu komai sai bindiga, rigarsa a yage, jikinsa zafi rau. Ya wuce ɗakinsa. Ya rataye bindigar, ya kwanta. Aka yi masa romo ya kau da kai. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin nama, daga ranar bai ƙara sa shi a baki ba. Zazzaɓin ya sauka a ƙirji, aka kai shi asibiti aka dawo da shi, kullum sai ƙasa yake yi.

Babu wanda ya ce laifina ne. Da ma wani ya faɗa, da na samu abin yi wa kuka. Ni dai na san da doguwar ce a hannunsa, da mazon ya faɗi nan take, da Kaka ya dawo gida tare da Kawu kafin ruwa. Na daina shiga ɗakinsa. Idan ya yi tari sai in toshe kunne.

Wata rana bayan la'asar mahaifiyata ta ba ni kunu ta ce lallai ni zan kai masa. Na shiga, ɗakin na warin magani da man keke. Ya buɗe ido ya kama hannuna, tafinsa kamar garwashi. Ban san ko ya gane ni ba. Ya ce, "An gan shi? Ya faɗi?"

Na ce, "Ya faɗi, Kaka. Mutanen ƙauyen sun same shi da rai, sun yanka."

"Da bisimilla?"

"Da bisimilla."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi, ya sake ni. Ya shanye kunun tas, rabon da ya yi haka an daɗe. Bayan kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa.

Yau na girmi Kawu na wancan lokacin. A ofis nake aiki ni ma. PK 14 ta zama gari, 'yan babur sun cika ta, wurin da aka ce kurmi ne shaguna ne da gidajen bulo. Bindigar tuni Kawu ya miƙa ta ga hukuma, kuma a zuriyarmu babu wanda ya ƙara zuwa farauta. 'Ya'yana suna yi mini dariya don ko atamfa biyu suka ajiye mini suka ce in zaɓa musu ɗaya, ba na yarda. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Ƙaryar da na yi wa Kaka ma kai ne na farko da na faɗa wa, kuma har yanzu ban sani ba ko taimakonsa na yi ko cutarsa, tunda na sallame shi ya tafi yana zaton babu mai jiran sa a can. Ina yi masa addu'a, ina haɗawa da neman yafiyar dabbar da ban taɓa gani ba.

Na san mazo ba ya shekara arba'in a duniya. Duk da haka, idan na wuce matan da ke sayar da ƙyafaffen naman daji a bakin hanya, sai na tsaya na duba ƙafar baya ta hagu.