Wandon Na'ibi

Shi ya ce in ba da labarin nan, don haka kada wani ya ce na tona asirin mijina. Sunansa ba zan kama ba, a garinmu Badafi Na'ibi ake ce masa. Manomin dawa ne, kuma shekara goma sha tara in liman ba ya nan shi ke jan salla.

Basir ne ya matsa masa, wani wanzami ya yanke. Wallahi har gobe in na tuna mutumin nan sai raina ya ɓaci! Basir ya tafi, riƙon bayan gida ma ya bi shi. Malam zai yi alwala, kafin ya kai ƙofar masallaci ta karye, wando ya ɓaci. Sai ya daina fita. Gari ya ɗauka gaba yake yi da liman, har dattawa suka zo sulhu. Suna zaure suna ba shi haƙuri kan faɗan da ba a yi ba, ni ina ciki ina wanke wando na uku a ranar, ina hawaye.

Ƙanena Habu ya kai mu asibiti a Kano. Likitar yarinya ce, sa'ar 'yarmu Fiddausi. Ta soka masa siririyar allura a saman idon sawu, ta jona da wata 'yar na'ura, tafin ƙafarsa ya yi ta zir-zir rabin awa. Ta ce mu riƙa zuwa duk mako, sau goma sha biyu.

A mota Malam ya ce, "Ba zan koma ba. Yarinyar nan tarbiyya gare ta, kunyata take ji. Ta kasa duba inda ciwon yake, shi ya sa ta tsaya a ƙafa."

Na ce, "Malam, wanda bai ji kunyarka ba ai mun ga aikinsa."

Mako na zagayowa na ja shi muka koma, na tambayi likitar a gabansa me ya sa ta tsaya a ƙafa. Ta yi dariya, ta ce jijiyar idon sawun da jijiyar da ke riƙe bayan gida a ƙasan baya suke haɗuwa, lantarkin farkar da ita yake yi. Ta ce ba kowa yake yi wa aiki ba, mu dai gwada.

Mako shida shiru. A na takwas wankina ya ragu. Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri, ita da iyayen da suka sa ta a makaranta.

Wata Laraba liman ya tafi garin Ƙofa ta'aziyya. Da magariba ina tuƙa tuwo sai na ji muryar Malam a lasifika. Na saki muciya ina roƙon Allah ya sa ya ɗauko gajeriyar sura. Ina! Doguwa ya ɗauko, ya ja ta a tsanake, har tuwona ya kama.

Da ya shigo na miƙa hannu, yadda na saba shekara biyu. Ya dubi hannun, ya dube ni.

Ya ce, "Bar wandon, Asibi. Da alwalar nan zan yi lisha."