Fuskar Auta a Hannun Mai Zane

Ranar Talata, tara ga watan Maris, ina tsaka da yi wa wani dattijo aski 'yarka ta kira ni, ta ce Allah Ya karɓi abinSa da hantsi, bayan jinyar kwana shida. Na kashe injin, na nemi kujera na zauna. Dattijon ne ya yi maka addu'ar farko.

Mai Zane, shekara goma sha ɗaya ina karanta Baƙin Lungu, littafin zanen da ka ƙarar da ƙarfinka a kansa. Labarin ɓarayi ne da masu kisa, amma ba ka taɓa mayar da su dodanni ba. Sai ka nuna mutum yana ba mahaifiyarsa magani da safe, da rana ya soki wani a tasha. Akwai shafin da har yau yake bina: an kashe mai gadi, ba ka nuna gawar ba, sai butarsa a kife, ruwa yana bin ƙasa. Na yi kwanaki ina kawar da kai duk inda na ga buta.

A bencin shagona kake zama, da ƙaramin littafi a cinya, kana satar fuskokin masu jiran aski. Jama'a kuwa so suke yi. Da ka mayar da mai facin layinmu alƙali, wata guda ya yi yana yanke wa mutane hukunci a gindin taya. Lokacin da gobara ta ci shagona, kai ka zo da fenti ka sabunta allon ƙofa. Da matata ta kwanta asibiti, kullum da yamma kana gidana kana zana wa yarana kuliyoyi har su manta da kuka. Hannunka ya zana wuƙaƙe ba iyaka, amma in za a yanka kaza sai ka bar wurin.

Sai ka ɗauki fuskar ƙanena, Auta. Mai gyaran famfo ne, yana da tabo a girar hagu da wushirya. Ka ba Ɗan Shiru wannan fuskar, mutumin da a cikin labarin yake shiga gidaje da akwatin kayan aiki, bayan fitarsa a tarar da gawa. Da farko dariya muka yi, Auta har kwafi biyar ya saya. Daga nan yara suka fara gudu in sun hango shi. Matan da ya saba yi wa gyara sai su ce ta bayan ƙofa maigida ba ya nan. Kowa ya san zane ne, amma babu mai son kaɗaita da wannan fuskar a cikin gidansa. Cikin wata takwas aiki ya tsaya masa cak, ya kwashe iyalinsa ya bar gari.

Na same ka a ɗakin aikinka raina a ɓace. Ka saurare ni har na gama, sannan ka ce, "Ka yi haƙuri, labarin bai ƙare ba. In na faɗa maka yanzu, na ɓata shi." Na ce maka ƙanena ba labari ba ne. Shekara huɗu kana wucewa kana yi mini sallama, ina amsawa ciki-ciki. Wani yake maka aski, bai ma iya ba, ina gani ina jin haushi. Duk da haka ban fasa sayen littafin ba. A ɓoye nake karantawa, don a nan kaɗai nake ganin ƙanena.

Kwana uku da binne ka, matarka ta kai ni ɗakin aikinka. Kwalaben tawada sun bushe, tabaranka yana kan tebur. Ta miƙo mini fitowa ta ƙarshe, da fensir kawai aka zana ta. Ashe Ɗan Shiru bai kashe kowa ba. Sawun mai kisan yake bi, duk gidan da ya shiga gargaɗi ya je yi ya makara. Ta ce tun ranar farko haka ka tsara. Bara hannunka ya fara rawa, ka kasa bin zanen da tawada, ka kuma ƙi yarda wani ya taɓa maka. Masu buga littafin sun ce ba za su iya fitar da shi a haka ba.

A nan tsaye na kira Auta a waya, na karanta masa shafi bayan shafi. Ya saurara har na kai ƙarshe. Can ya ce, "Yaya, to wa zai gani?"



Mai Zane, ni na yafe maka, ina kuma kunyar gabar da na riƙe har ƙasa ta rufe ka. Amma haƙƙin Auta ba a hannuna yake ba. Na roƙe shi a madadinka, ya ce in ba shi lokaci.

Allah Ya jiƙan ka, Ya duba kyakkyawar niyyarka, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'yarka da duk wanda ya taɓa zama a gabanka ka zana shi, Allah Ya ba su haƙurin rashinka. Ya kuma sanyaya zuciyar ƙanena, domin kai yanzu ba ka da bakin roƙonsa.