Malamin da Ya Durƙusa da Igiya a Hannu

Duk mai sammako a hanyar da ta bi ta bayan kasuwar Kontagora yakan ji keken Malam Jacob Ladan tun kafin ya gan shi, domin sarƙarsa kuka take yi kamar ɗan akuyar da aka raba da uwa. Zai tsaya wurin Fure mai koko, ya jingina keken da katanga, ya sha a tsaye, ya tambayi lafiyar 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, sannan ya naɗe ƙafar wando ya hau. Yakan riga ƙararrawa isa makaranta. Ya share allo da kansa, ya je bencin ƙarshe na aji ya zauna yana jiran ɗalibai. Haka yake yi tun shekarar da aka sami 'yancin kai, kuma haka ya yi har makon jiya da ya ajiye alli, a wannan shekara da aka ba mu sabuwar Jihar Neja.

Ba a taɓa buga sunansa a jarida ba, shi ya sa na ga ya kamata ni da na zauna a ajinsa in buga. Mutumin Auna ne, Bakambare, Kirista, malamin adabin Turanci a makarantar kwana da ke bayan gari. Hausarsa har yau da gishirin Kambarci a cikinta, kuma mun sha kwaikwayonsa a ɗakin kwana, Allah ya yafe mana. Ashe ya sani sarai. Wata rana ya ce da mu, “Wanda ya fi iya muryata a cikinku ya zo gobe, ina neman mai fitowa a tsohon bafade.”

A cikin littattafan jarrabawar aji na ƙarshe akwai wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawa, mai Turancin da ko mutanen ƙasarsu sai sun yi gumi. Labarin wani sarki ne da sarkin yaƙinsa ya ci amanarsa ya kore shi daga gari. Bayan shekaru ya dawo da ƙarfi, aka kawo masa maci amanar a ɗaure, kowa na jiran a ce a kashe, shi kuwa ya ce a kwance shi. Malam Jacob bai yarda mu haddace amsa mu zuba a takarda kawai ba. Ya mayar da wasan zuwa Hausa, ya sa wa mutanen cikinsa rawani da alkyabba, ya ce duk shekara 'yan aji na ƙarshe za su yi shi a gindin ɗorawa ranar rabon kyaututtuka.

Na tuna ranar da muka kai ƙarshen littafin. Jumare, wani ɗan Dukku mai saurin baki, ya ɗaga hannu.

“Malam, ai wannan sarkin wawa ne. Mutum ya raba ka da gidanka, ka kama shi, kuma ka sake shi?”

“To, Jumare, da kai ne fa?”

“Yanka, Malam.”

“Madalla,” in ji Malam. “Zo nan ka miƙo hannu.”

Ya ɗaure shi da igiyar rama, ya sa shi ya durƙusa a gaban allo, ya ci gaba da darasi kamar ya manta da shi. Da aka tashi ya sake tambayarsa. Jumare ya ce, “Malam, a dai duba lamarin tukuna.”

Wannan ita ce hanyar aikinsa, kuma ba ya bayyana ta. Yakan zaɓi yara biyu su koyi maganar sarki da ta fursuna duka, ba kuma zai faɗi wanda zai naɗa rawani ba sai ana gab da ranar. Sai bayan shekaru ɗalibai suka lura cewa wanda ya fi daɗewa a cikin igiya lokacin gwaji, shi ne kullum ke zama sarki. A zamaninmu ba wanda ya gane haka, domin wasan bai daɗe da farawa ba.

Kayan wasan suna cikin wani akwatin katako a bayan ajinsa. Matarsa Marta ce ta ɗinka su da hannu, daga alkyabbar sarki har jajayen rigunan dogarai, kafin ta rasu wajen haihuwar 'yarsu Rebeka. Ba ya barin kowa ya ninke alkyabbar nan sai shi.

Shekara biyar bayan 'yancin kai, mu ne 'yan aji na ƙarshe. Yaran da ya zaɓa su ne Jumare da Khalilu, ɗan Alhaji Mailafiya, babban dillalin hatsi na kasuwa. Khalilu yaro ne mai ƙwaƙwalwa, amma akwai ji da kai, irin wanda ko gaisuwa sai ya auna ta kafin ya bayar. Mako bayan mako shi ke durƙushe a ƙasa da igiya, Jumare na bisa kujera yana hura hanci. Yara suka fara kiransa Ɗaurarre. Ya kuma san cewa mahaifinsa zai zauna a sahun gaba ranar biki tare da abokan kasuwancinsa. Sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa Malam ya shirya kunyata shi a gaban gari.

Wata Asabar da rana, muna filin ƙwallo, akwatin ya ɓace. Aka same shi a ramin da ake ƙona shara a bayan kicin, ya zama gawayi. Abin da ya tsira kawai igiyar ce, domin tana rataye a ƙusa a cikin aji. Gwaggo Iyatu, mai tuƙa mana tuwo, ta ga wanda ya jawo akwatin. Ita ta ba ni wannan labarin da bakinta. Ta ce ta sami Malam a bakin ramin yana tona toka da sanda, ya ciro wani ɗan guntun zare mai ruwan zinariya yana kallo.

“Malam, na ga yaron. Ɗan gidan Alhaji ne.”

“Gwaggo, kin gaya wa wani?”

“A'a.”

“To, ki riƙe mini shi tukuna. Yau ba ni da kan da zan ji wannan magana.”

A wannan zangon an yi wa shugaban makaranta canjin wurin aiki, kuma Malam Jacob ne ke riƙon ƙwarya. Sa hannunsa kaɗai ya isa a kori ɗalibi. Jarrabawar fita kuwa saura 'yan makonni, kuma wanda aka kora ba zai zauna ta ba. Shekara biyar na karatun Khalilu suna hannun mutumin da ya ƙona wa ɗinkin matarsa.

Ranar Litinin Malam ya shigo aji idanunsa ja, ya ce wasa yana nan. Malam Mahmudu, malamin addinin Musulunci, ya ba da aron rawani da babbar riga. Mu dogarai aka ɗaura mana jan ƙyalle a ka, muka fito kamar masu tallan barkono. Sannan Malam Jacob ya ce Khalilu ne sarki. Jumare ya tashi zai karɓi igiya yana ƙunƙuni, sai Malam ya ce, “A'a, kai ne waziri. Fursuna na bana ni ne.” Muka yi dariya, mun ɗauka wasa yake yi.

Ranar biki, bayan la'asar, iyaye suka cika benci a gindin ɗorawa. Ni ne dogarin da ke riƙe da bakin igiya, saboda haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. Na jawo Malam, babu takalmi, hannuwansa a ɗaure, ya durƙusa a ƙasa a gaban yaron da bai kai shekara ashirin ba. Kowa ya zuba ido, don ba a saba ganin shugaban makaranta a ƙasa ba. Ina jin igiyar tana rawa a hannuna. Ya ɗaga kai ya faɗi maganar fursuna.

“Ranka ya daɗe, ga ni a hannunka. Abin da na ɓata ba ya gyaruwa.”

Abin da sarki zai ce gajere ne: na yafe maka, a kwance shi. Khalilu ya san shi kamar sunansa. Amma sai ga Jumare na raɗa masa shi daga gefe, shi kuwa idonsa na kan hannuwan Malam. Can sai ya sa hannu ya warware rawanin, ya sauko daga kujera, ya durƙusa yana kwance igiyar.

“Malam, ni ne. Ni na ƙona kayan.”

“Na sani, ɗana,” in ji Malam a hankali. “Tashi ka naɗa rawaninka, mutane na jira. Ka faɗi abin da aka rubuta maka.”

Ya tashi ya faɗa, yana kuka, rawani a karkace. Waɗanda ke baya suka yi ta tafi, sun ɗauka duk cikin wasan ne. Na sahun gaba kuwa sun ji komai.

Washegari malamai suka taru. Malam Mahmudu ya gaya mini cewa yawancinsu kora suka nema, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Alhaji Mailafiya da kansa ya zo ya ce, “Malam, ku kore shi. Ya zubar mini da mutunci a gaban jama'a, gobe ya bi ni kasuwa ya ɗauki buhu.” Malam Jacob ya ce, “Alhaji, kayan nawa ne, ba na gwamnati ba. Ni aka yi wa laifi, kuma na yafe. Amma yafiya ba ta ɗinka riga. Zai zauna jarrabawa, kuma duk Asabar zai je shagon Lukuman tela har sai ya cika mini akwati.”

Haka aka yi. Ɗan dillalin hatsi ya zauna a tabarma a tsakiyar kasuwa yana koyon zura zare, abokan mahaifinsa na wucewa suna yi masa sannu da aiki. Ya ci jarrabawa, ya tafi kwalejin horon malamai, kuma yau shi ne hedimasta a Mashegu. Alkyabbar da ya ɗinka tana nan, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Rebeka ta ce mini babanta bai taɓa cewa ta yi kama da ta mahaifiyarta ba, bai kuma taɓa yarda a sake ta ba.

Shekaru na yi ina zaton dabara ce Malam ya shirya don yaron ya tona kansa. Da na je yi masa murnar ajiye aiki, na same shi yana ɗaure kaya zai koma gona a Auna, na tambaye shi. Ya yi dariya har da tari.

“Kai ma haka ka ɗauka? Rawanin ai nasa ne tun farko, shi ya sa ya daɗe a ƙasa. Ban san zai yi magana ba.”

“To, Malam, me ya kai ka cikin igiya?”

Ya ce, “Na so in kore shi. Kullum na shiga ofis sai in ga hannuna na neman alƙalami. Sai na tuna na hana yara naɗa rawani kafin su ɗanɗana igiya, ga ni kuma a kujerar shugaba ban ɗanɗana ba. Na ce bari in durƙusa inda zai durƙusa, in ji yadda ake jiran hukunci daga bakin wani. In na tashi ina son korarsa, sai in kore shi.”

Sai a ranar na gane abin da ya sa igiyar ke rawa a hannuna: daga wajen Malam rawar take.

Malam, kai ne ka koya mana littafin da wasu suka koyar don cin jarrabawa, kai kuwa ka koyar da shi da gwiwoyinka. Kai ne aka ƙona wa abin da ba shi da madadi, iko na hannunka, ba mai tuhumarka in ka rama, amma ka fara hukunta zuciyarka kafin ka hukunta ɗan wani. Na Marta, baban Rebeka, mai keken da ba ya ɓoye zuwansa. Ba ka taɓa cewa yafiya abu ne mai sauƙi ba, kuma shi ya sa muka yarda da kai. Mun gode, mu da muka zauna a ajinka da waɗanda 'ya'yansu suka zauna. Allah ya ba ka damina mai albarka a Auna, ya sa ka huta da lafiya.

Ga mu kuma a sabuwar jiha, ana ta raba sababbin kujeru, kuma da yawa daga cikinmu za mu sami kanmu da alƙalamin da zai iya raba wani da abincinsa ko karatunsa. Ina roƙon duk wanda kujera ta faɗo wa ya yi koyi da wannan dattijo, ya san wurin da mai laifi ke durƙusawa kafin ya buɗe baki.

Ranar ban kwana Khalilu ya zo a babur daga Mashegu, jikinsa duk jar ƙasar hanya. Malam ya ba shi sabon akwatin kayan wasan a gaban kowa, ya ce yaran can ma su yi wasan. Khalilu ya buɗe, ya ga rawani a sama, bai taɓa shi ba. Ya tura hannu har ƙasa, ya ciro tsohuwar igiyar ramar, ya rataya ta a kafaɗa.