Baƙar Ƙasar Malam Buba

Duk wanda ya taɓa shiga motar marigayi Malam Buba a watan Nuwamba ya san abin da zan faɗa. Ana cikin tafiya lafiya lau sai ka ji ƙiiii, ya taka burki, goshinka ya kusa dukan gilashi. Ba mutum ya gani ba, ba barewa ba. Buhunan busasshen ganye ne masu gida suka share suka jera a bakin titi.

"Sauka, Sani, kama min."

"Haba Malam, Juma'a fa za mu!"

"Liman zai jira. Motar shara ce ba ta jira."

Liman kuwa bai taɓa jira ba. Sau uku muna yin salla a bakin ƙofa wajen takalma, babbar rigata duk ganye.

Mutumin Mambila ne, can kan tsauni. Ilimin ƙasar noma ya karanta, amma da ya zo Greensboro, nan ƙasar Turawa, sai ya ƙare da jera kwalaye a sito. Abin da ya dame shi bai wuce jar lakar garin nan ba. In ka yi gangancin tambayarsa, to shayinka ya huce. Zai ce maka tsaunin garinsu tun zamanin da ya yi aman wuta, tokarsa ta zama ƙasa. Ganye ya zubo a kurmi, tsutsar tana da fumfuna su cinye shi, ya ruɓe, sai tokar ta riƙe ruɓaɓɓen ta hana ruwa tafiya da shi. Shekara bisa shekara har ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ka tura hannu har gwiwa ba ka taɓa tauri ba. Ita ya rantse sai ya yi a bayan gidansa na McLeansville, nan gefen gari.

Da ya je gida ganin dangi, mutane suna dawowa da kilishi da yaji, shi sai ya ciko gwangwanin madara da ƙasar kurmin. A filin jirgi ma'aikata suka ce ba a shigowa da ƙasa. Bai yi musu ba, sai ya buɗe murfi ya miƙa wa jami'in.

"To, ku riƙe. Amma don Allah ka sansana kafin ka zubar."

Ya ce wallahi baturen ya sansana. Mun tambaye shi me baturen ya ce, ya ce, "Atishawa ya yi. Bai saba da abu mai kyau ba."

Ranar sunan 'yata, kowa ya kawo atamfa da kayan jarirai. Malam Buba ya shigo da bokiti. Matata ta leƙa, ta ga baƙar ƙasa, tsutsar tana na motsi a ciki, ta ƙwalla salati.

"Malam, me jaririya za ta yi da wannan?"

"Hajiya, rigunan nan wata uku sun yi mata kaɗan. Wannan kullum ƙaruwa take."

Matarsa, Hajiya Laraba, ta rufe fuska da gyale ta ce ita ba ta san shi ba.

Duk ƙarshen shekara sai ya kira ni awo. Ya haƙa ɗan rami, ya dafa hannu a jikin ramin, ya nuna min inda baƙi ya tsaya ja ya fara. Shekara ashirin da biyu yana ɗibar ganye, yana yayyafa garin dutsen da yake saye a shagon kayan lambu, abin da ya samu tsawon tafin hannu ne. Na ce, "Malam, a haka yaushe za ka kai gwiwa?"

"Nan da shekara ɗari."

"Kana nan?"

"Ka cika gaggawa, Sani. Shi ya sa tumaturinka ba ya yi."

Muna dariya, ban san lissafin gaske yake yi ba. A asibiti, ana saura kwana biyu ya rasu, ya riƙe hannuna. Na ɗauka zancen iyali zai yi. Ya ce, "Yaran nan za su sayar da gidan, ba na ganin laifinsu. Kafin nan ka kwashe baƙar ƙasar ka kai bayan gidanka. Ka ci gaba da zuba mata ganye, in ba haka ba mutuwa za ta yi." Na ce na ɗauka, in sha Allahu.

Jama'a, ban kwashe ba. Yau aiki, gobe ciwon baya, jibi babu a-kori-kura. Hajiya Laraba ta koma wajen 'yarsu a wani gari, aka sayar da gidan. 'Yar ta buga min waya ta ce in ina son wani abu in je, na ce sai Asabar. Asabar huɗu suka wuce.

Ranar da na je da aron mota da shebur, katafila ta riga ni. Sabon mai gidan ciyawa yake so, shimfiɗaɗɗiya. An kankare bayan gidan tas, an cakuɗa baƙin da jan, an cike wani kwari da shi. Direban ya ce aikin bai kai masa azahar ba. Na tsaya kamar an dasa ni. A gindin shinge na yi ta tonawa da hannu, na samu baƙar ƙasa cikin bokiti ɗaya, daidai da wanda ya kawo ranar suna.

Ban kai ta gidana ba, kunya ta hana ni. Maƙabarta na wuce. Kabarinsa jar laka ce, irin wadda ya ƙi jini duk rayuwarsa. Na juye bokitin, na baza da tafin hannu, bai rufe ko rabi ba.

Yanzu Nuwamba ta sake zagayowa, buhuna sun cika bakin titi, ni kuma na rasa inda zan sa idona. Allah ya jiƙan Malam Buba, ya yalwata masa makwanci, ya sanya shi a inuwar lambunan da ba mai kankare su. Ni kuma Allah ya yafe min, don ban san da wane ido zan kalle shi ba.