Fankar da Ake Kashewa a Maradun

Ni ne mai kula da kwamfutocin ƙananan asibitocinmu na Talata Mafara da Bakura da Maradun. A da, duk sanda manhajar awon ciki ta buƙaci sabuntawa, babur nake hawa in bi su ɗaya bayan ɗaya. Da 'yan bindiga suka addabi hanyar Maradun, mahaifiyata ta daina cin abinci ranar da na fita, sai ta ji ƙarar babur ɗina a ƙofar gida. Ni ma tsoron nake ji, cika baki kawai nake yi.

Sai aka haɗa mana kwamfutocin, ya zama daga kujerata a Mafara nake zaɓo manhaja a shagon intanet in tura wa kowa. Sharaɗin ɗaya ne, kwamfuta ta zauna a kunne har abin ya gama sauka. Wadda ba ta karɓa ba, dole in je da ƙafata.

Mutanen Bakura sun sha masifata. Da ruwa ya sauka sai su kashe komai su nufi gona, ni kuwa in yi ta faɗa a waya kamar ni na haife su. Maradun ce ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba, alhali can sabis ya fi rarrafe, abin da ke sauka nan take a wurinmu yakan ci musu yini. Na ɗauka iyawata ce, har ina yabon kaina.

Mai riƙe da wurin wata dattijuwar ungozoma ce, Inna nake ce mata. Wata rana cikin bazara na kira ta in sanar da ita zan turo sabuwa. Da muka gama gaisawa ta ce to bari ta kashe fanka. Na tambaye ta me ya haɗa fanka da aikina. Ta yi dariya, ta ce batirin solarsu ba ya ɗaukar fanka da kwamfuta a tare. Tun farko haka take yi, ta zauna tana fifita da kwali har allon ya nuna an gama.

Kunya ta rufe ni. Na ce ta bar fankarta, zan zo da kaina.

"Kak ka soma, ɗana," in ji ta. "Zahi na san shi tun ina yarinya. Wagga hanya kuwa, in wani abu ya same ka, mi za ni ce ma uwarka?"

Na danna na tura. Har yau ban san bakin da zan gode mata da shi ba. Ranar dai na kasa zama ƙarƙashin tawa fankar.