Mai Fentin Ƙarfen Rezo

Shekarar da na gama digirin dokta na koma Matameye wajen Inna, ina jiran amsa daga wata cibiyar bincike a Turai. Suna neman wanda zai yi aiki kan iskar da ke can sama da gajimare, inda jirgin fasinja ma ba ya kaiwa. Lokacin bazara ne, hadari yana haɗuwa yana watsewa, manoma sun share gonaki sun zuba ido.

Duk wanda ya tambayi Inna abin da na karanta, sai ta ce karatun iska. Da haka maganar ta karkace a unguwa. Wata rana bayan la'asar, maƙwabciyarmu ta shigo riƙe da hannun mijinta kamar mai jan makaho. Ta ce tun da ya dawo daga cirani a Najeriya ba ya magana, ba ya cin abin kirki, an yi rubutu an yi hayaƙi shiru. Ta ji an ce na san sha'anin iska.

Na yi mata bayani cewa tawa iskar ta ma'auni ce da lissafi, ba ta masu taɓa mutane ba, na kuma ce su je likita a Damagaram. Ta ce to, amma ba ta tashi ba. Shi kuwa ya zauna gindin darbejiyarmu ya karkata kai gefe, kamar mai sauraren kira daga nesa.

Daga ranar kullum sai ya zo shi kaɗai. Ina kan tabarma da ordinata, wato kwamfuta, shi yana gefe, Inna ta ajiye masa fura ya bar ta ƙudaje su sha. Daga bakin matarsa na ji cewa fentin dogayen ƙarafan rezo na wayar salula yake yi a can, shi ne mai hawa har ƙoli. Abokan aikinsa sun ce wata rana ya hau lafiya, ya daɗe bai sauko ba, da ya sauko ya bar bokitin fentin a sama.

Ranar da ya fara yi mini magana, ko ganye ba ya motsi. Kaji sun lafe a inuwa, baki buɗe.

"Malama," ya ce, bai dube ni ba, "yaushe za ta juya?"

Na ce wa ke nan.

"Ta saman. Yanzu yamma ta nufa."

Gaskiya ne, akwai iska can sama da ke daɗewa tana tafiya yamma, sannan ta juya gabas, kuma a kanta na yi rubutuna. Ban taɓa faɗa wa kowa a gidan ba, abin da ke fuskar ordinatar kuma layuka ne da Faransanci. Na ce, "Malam, wa ya gaya maka?" Ya ce ba a gaya masa ba, ji yake, kamar ana jan tabarma a kan rufin ɗaki, dare da rana. Na daure na ce masa da sauran watanni. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki furar ya shanye.

Da ruwa ya sauka ya fita shuka tare da kowa. Ya fara amsa gaisuwa, matarsa ta kawo mini ƙwan zabi tana godiya. Bai sake zuwa gidanmu ba. Ana tsakiyar damina amsa ta zo, sun ɗauke ni.

Ranar tafiyata ta faɗo ranar kasuwa, tasha cike. Na same shi can yana dako. Ya karɓi akwatina ya hau saman motar Damagaram ya ɗaure tamau. Da ya gama sai ya miƙe tsaye a kan kayan, ya karkata kai. Direba ya yi oda, ya sake yi, sannan ya kashe motar. Mu da ke ciki ba wanda ya leƙa. Can muka ji takunsa a kan rufin, a hankali, ya sauko. Ya sunkuyo ta taga ya ce mini Allah ya kiyaye hanya, motar ta tashi.