Rabin Akushi

Ni da yayana akushi ɗaya muke ci tun muna yara. Ko a shekarun da na yi ina aikin biro, wato ofis, a Magariya, duk ranar da na hau moto na zo gida Kwaya, zaure nake nufa bayan magariba, in tarar ya wanke hannu yana jirana. Da na aje aiki na dawo ɗungurungum, sai abin ya koma kullum. Shi siriri ne, gona ta tsotse shi. Ni kuwa kujera ta ba ni tumbi, kuma a garinmu tumbi ba cuta ba ne, alamar rufin asiri ne. Yaya kan buge shi da bayan hannu ya ce, "Ɗan biro, wannan rumbun naka ba ya sanin fari."

Kasala ce ta kai ni asibiti a Magariya, da wata ƙishirwa da ba ta jin ruwa. Lokotoron ya zagaye ƙuguna da abin awo kamar tela, ya auna tansiyo, wato hawan jini, ya tura ni aka ɗibi jini. Da sakamako ya fito ya ce suga ya hau, kitsen jini ma haka, tansiyo ba a magana. Sai ya ƙara da wani abu da ban taɓa ji ba, wai CRP. Ya ce sinadari ne da hanta ke saki idan akwai kumburi a jiki. Nawa bai yi tashin na mai zazzaɓi ba, ya dai ɗan hau ya zauna, kuma da aka sake gwajin bayan 'yan makonni yana nan inda yake.

Na ce, "Kumburi a ina? Ni ba ƙurji, ba rauni."

Ya nuna tumbin. Ya ce kitsen da ke cikinsa ba kwance yake kawai ba, yana hura wata 'yar wuta da ke cin jijiyoyin jini a hankali, kuma idan ta haɗu da sauran ukun, ƙarshenta ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Sai in rage tuwo, in rage gishiri da mai, in bar shayi mai suga, in riƙa tafiya da ƙafa. Ya ce a riƙa dafa mini nawa daban. Ya faɗe shi da sauƙi, bawan Allah, kamar mai cewa in sake hula.

A gidanmu tukunya ɗaya ake ɗorawa tun zamanin mahaifinmu. Ƙane ba ya ɗora tasa sai ran da zai raba gandu, ya ɗauki gonarsa, ya ja danga. Kowa ya san haka, ni ma na sani. Amma na ɗauka in na yi wa Yaya bayani zai gane.

Ranar farko maiɗakina ta dafa mini zogale da wake, ba gishirin kirki, da ɗan tuwon dawa kamar na yaye. Na ɗauki kwanona na shiga zaure na aje kusa da akushi. Yaya ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Ka raba tukunya ke nan?"

"Haba Yaya, ciwo ne. An ce akwai kumburi a jinina."

"Nuna mini." Ya kama hannuna ya juya, ya latsa ƙafata. "Ina kumburin? In jini ne ya lalace, gobe in kira wanzami ya kafa maka ƙaho ya zuƙe mataccen, ka zo mu ci abinci."

Na ce ƙaho ba ya kaiwa can. Ya ce to, in an ƙoshi da zama da su, a faɗa kawai, ba sai an laɓe bayan lokotoro ba. Wallahi raina ya ɓaci. Ni da ake ce wa zan iya faɗuwa rabin jikina ya mutu, ni ake tuhuma da son raba gona? Na suri kwanona na koma ɗaki, har miya na zuba mini a riga.

Haka aka shiga. Namiji a wurinmu ba ya zama cin abinci da matarsa, 'ya'yana kuma duk sun watse, wani Damagaram, wani ƙetaren iyaka. Sai in zauna a kan buzu ni kaɗai, ina jin ƙarar taunata. Ban taɓa sanin cin abinci yana da ƙara ba sai lokacin. Da safe in bi hanyar gonaki da ƙafa, masu amalanken jaki su tsaya su ce, "Alhaji, moton ya lalace ne? Hau mana." In ce a'a, su bi ni da kallo. A majalisar shayi in mayar da kofi, mai dafawa ya ɗaure fuska, har na daina zuwa. Da na fara zubewa, mata suka riƙa yi wa maiɗakina jaje. Ni da Yaya kuwa sai gaisuwa a ƙofar masallaci, lafiya lau, lafiya lau, kowa ya kama gabansa. Na yi kewarsa ƙwarai, ga shi katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Bayan an cire gyaɗa na koma asibiti. Lokotoro ya yi murmushi, ya ce CRP ɗin ya sauka, suga ya lafa, ƙugu ya ragu, in ci gaba a haka. Na fito da murna, na tsaya a tasha ina tunanin wa zan faɗa wa. Mutum ɗaya nake son ya ji, shi kuma ba ya son jin zancen.

A daren nan da wuri, ana idar da magariba ba da jimawa ba, na fito alwala na yi kiciɓis da matar Yaya ta ɗauko akushi daga zaure. Faifan ya zame, na ga ciki. An cinye ɓangare ɗaya tas, ɗaya ɓangaren yana nan, tuwo da miyarsa, ko yatsa bai taɓa ba. Gefen da nake zama ne.

Na ce, "Yau Yaya ba ya jin daɗi ne?"

Ta ce, "Yau? Tun ran da ka tashi haka yake dawo mini da shi. Na ce in rage tuwon, ya ce in na rage ba zai ci ba."

Na koma ɗaki na zauna, kwanona yana gabana ya huce.

Washegari da magariba na ɗauki kwanona na shiga zaure. Yaya bai ɗago ba. Na zauna a wurina, na yi bisimilla, na gutsuri loma ɗaya daga gefena na akushin, sannan na tura kwanona tsakiya. Ya daɗe yana kallonsa. Can ya miƙa hannu ya ɗebi zogalen ya kai baki, ya yamutsa fuska.

"Wannan kake ci duk damina, kai kaɗai?"

Na ce, "Shi ne, Yaya."

Ya sake miƙa hannu.